Babi na Shida: Tsakanin Wuƙa da Allura

Duk ranar da dabba ta kwanta a gidan Bahaushe ta kasa tashi, abu biyu ne ke rige-rigen isa wuyanta, wuƙar mahauci da allurar likita. Galibi wuƙa ce ke riga, kuma ba don mai dabbar ba shi da tausayi ba. Lissafi ne ya kama shi. Ragon da aka yi wata huɗu ana ɗawainiyarsa a turke, in ya mutu da kansa ya zama mushe, sai a ja shi a kai juji, kuɗi da wahala duk sun bi ruwa. In kuwa aka riga rai fita aka yanka, mahauci zai ba da rabin kuɗi ko sulusi, a rage asara. Saboda haka likitan dabbobin da aka kira a irin wannan hali ba da cuta kaɗai yake fama ba. Akwai mutum tsaye a bakin zaure yana wasa wuƙa, yana cewa, "Alhaji, a yi hattara fa, kada a yi biyu babu."

A Panshekara wannan lissafi ya fi zafi, saboda irin kiwon da ake yi. Gari ne na ma'aikata da 'yan kasuwa da manoman rani a ƙaramar hukumar Kumbotso, jingine da rukunin masana'antun Challawa da kogin da ya ba su suna. Ba garke ɗari-ɗari ake da shi a cikin gari ba. Akuya biyu ce a bayan ɗaki, ko tunkiya da ɗanta, ko raguna uku da magidanci ya sayo a Wudil ko Dambatta don ya kiwata ya sayar da Babbar Sallah, ko sa guda da mai gadin kamfani ya zuba wa tanadin shekaru. Awakin kuwa yawancinsu na mata ne. Kuɗin adashe ne, kayan ɗakin 'ya ne, kuɗin makarantar yara ne ke yawo da ƙafa huɗu. Mai shanu ɗari yana iya haƙura da mutuwar ɗaya. Mai akuya biyu in ya rasa ɗaya, rabin jarinsa ne ya tafi.

Abin da zai sa allura ta riga wuƙa shi ne kulawa ta musamman. Sai dai da an ambaci sashen kulawa ta musamman, abin da ke zuwa wa mutane a rai shi ne injuna masu ƙara da wayoyi manne a ƙirji, sai su ce wannan ai na masu kuɗi ne, ɗan Adam ma bai samu ba balle dabba. Amma asalin abin ba da inji ya fara ba. A 1952 annobar shan inna ta auka wa birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak, asibitin Blegdam ya cika da yaran da numfashinsu ya shanye, fiye da kashi 80 cikin ɗari na irin waɗannan suna mutuwa. Wani likitan sa barci, Bjørn Ibsen, ya kawo shawarar a huda maƙogwaro a sa bututu, a riƙa matsa jakar roba da hannu ana hura musu iska. Ɗaliban likitanci wajen 1,500 suka riƙa karɓa-karɓa dare da rana, makonni a jere, kowa zaune a gefen gado yana matsa jaka. Mace-macen suka sauko zuwa wajen kashi 40. A 1953 Ibsen ya buɗe ɗakin da ake ɗauka shi ne na farko irinsa a duniya. Likitocin dabbobi sun biyo sahu daga baya. A 1989 aka kafa kwalejin ƙwararru kan wannan fanni a Amurka, kuma a 2017 aka buɗe asibitin raƙuma a Dubai mai ɗakunan tiyata da na jinya.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe daga labarin Kofanhegan shi ne waɗannan ɗalibai da ke zaune. Kulawa ta musamman ba wani magani guda ba ne. Riƙe jiki ne kada ya rushe, a mayar masa da ruwan da ya rasa, a tsare masa numfashi da ɗumi, a rage masa zafin ciwo, sannan wani ya zauna yana aunawa yana sake aunawa, har jikin ya samu sararin warkar da kansa. Kaso mai yawa na wannan aiki ana iya yin sa a ƙarƙashin rumfar kara.

Mu ɗauki ragon layya, tunda shi ya fi kwanciya a makonnin da ke gaban Sallah. Tumbin rago ba jaka ce kawai ba. Cike yake da ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ne ke narka masa ciyawa da harawa, kuma sun saba da abin da aka saba ba su. Ranar da mai kiwo ya ga Sallah ta matso ya ninka dusa da masara lokaci guda, ko ragon ya tsinke igiya ya faɗa wa buhun gero, ko aka juye masa ragowar shinkafar biki, sai wasu ƙwayoyin da ke son gari da sukari su yi yawa fiye da kima, su riƙa zubo tsami. A ma'aunin tsami, lafiyayyen tumbi yana tsakanin 6 da 7. In ya faɗo ƙasa da 5, ƙwayoyin kirki sun mutu, tumbin ya daina motsi, bangonsa ya fara ƙonewa. Mafi muni, wannan tsami yana janyo ruwa daga cikin jini zuwa cikin tumbi. Sai ka ga ciki ya cika fal, in ka girgiza shi kana jin ruwa na kaɗawa, alhali jijiyoyin dabbar sun bushe. Alamu kan bayyana cikin sa'a 12 zuwa 36, kuma mai tsanani yana iya kashewa cikin kwana ɗaya zuwa uku.

Na ga yadda ake wannan aiki a gidan wata dattijuwa, kwanaki kaɗan kafin wata Babbar Sallah. Ragon balami ne fari, yana kwance ya miƙe wuya, yana cizon haƙora, gindinsa ya ɓaci da zawo mai warin tsami. Likitan, saurayi ne, bai fara da allura ba. Ya durƙusa ya kama fatar wuyan ya ɗaga ya saki, fatar ta tsaya a tattare ta ƙi komawa. Ya duba ido ya ga ya faɗa ciki. Ya ɗaga leɓe ya danna dasashi da yatsa, wurin ya yi fari ya daɗe bai dawo ja ba. Ya kafa abin sauraro a kwiɓin hagu ya yi shiru yana kallon agogo. Lafiyayyen tumbi yakan juya sau ɗaya ko biyu a minti, wannan kuwa tsit.

"Inna, me ya ci jiya?"

"Wallahi ɗan nan, abincinsa na kullum. Sai dai ragowar abincin suna da maƙwabta suka aiko, na ce kada a yi almubazzaranci."

"Ya kai nawa?"

"Ya kusa cika roba babba. Ga shi tun safe yake neman ruwa, yanzu nake cewa a cika masa bokiti."

"A'a Inna, don Allah kada a ba shi. Ruwan da zai sha yau ta jijiya zai sha shi."

Ya aske gefen wuyan, ya danna babban yatsa a ƙasa har jijiya ta taso, ya soka kanula ya ɗaure ta da filasta. Aka rataye ledar ƙarin ruwa a jikin ƙusa a azarar rumfa. Ya haɗa da sinadarin bayikabonet, wanda ke kashe tsamin da ya shiga jini, ɗan'uwan abin da ke cikin kanwar da makiyaya suka daɗe suna bai wa dabbobinsu. Ya yi allurar bitamin B1, domin irin wannan ciwo yakan taɓa ƙwaƙwalwa dabba ta makance. Sannan ya sa jikar tsohuwar ta zauna a kan turmi da littafin makaranta, ya nuna mata yadda za ta ƙirga ɗigon ruwa, da yadda za ta rubuta lokacin da ragon ya yi fitsari, ya ce in ta ga wuyan ya kumbura ta murɗe nan ta kira shi. Washegari da asuba ya aika kwata aka matso ruwan tumbin lafiyayyar dabba da aka yanka, aka kawo shi da ɗuminsa a rufe, aka tace, ya zura tiyo ta baki ya ɗura wa ragon. Ƙwayoyin da suka mutu ake mayarwa ke nan. A kwana na uku ragon ya fara tsinkar harawa, a na huɗu aka gan shi yana tuƙa. Da tsamin ya fi haka yawa, da sai an tsaga kwiɓi an buɗe tumbin an kwashe abin da ke ciki da hannu.

Yawan ruwan nan ba da ka ake yin sa ba, yana da lissafi, kuma a nan ne yawancin jinyar dabbobi ke lalacewa a wurinmu. Ana kimanta kashi nawa cikin ɗari na nauyin jiki dabba ta rasa. Rago mai kilo 60 da idonsa ya faɗa, fatarsa ta ƙi komawa, ya rasa wajen kashi 8, wato kusan lita 5. Ledar ƙarin ruwa da ake sayarwa a kemis rabin lita ce. Leda 10 ke nan kafin a cike giɓin, ban da wajen lita 3 da jikinsa ke bukata a kowace rana, ban da abin da zawo ke ci gaba da fitarwa. Abin da aka saba gani kuwa shi ne a rataya leda ɗaya, ta ƙare, a cire allura, a ce an yi ƙarin ruwa bai yi amfani ba. Ba a yi ba tukuna. Tun 1832 likita Thomas Latta na garin Leith a Sikotlan ya ga haka, lokacin da ya fara zuba ruwan gishiri a jijiyar masu kwalara: sukan farfaɗo har su yi magana, in aka tsaya sai su koma. Ruwan da ake kira na Hartmann, wanda ake amfani da shi a asibitocin Kano, a 1932 wani likitan yara a Amurka ya gyara haɗinsa, kuma shi ɗin dai ake sa wa rago.

Ga saniya lissafin yana ba da tsoro. Mai kilo 300 da ta rasa kashi 10 tana neman lita 30, leda 60. Babu mai kiwon da zai iya, babu kuma likitan da zai tsaya yana canza leda kwana guda cur. Amma akwai dabarar da ta dace da aljihunmu. Ana haɗa ruwan gishiri mai ƙarfi, kashi 7.2 cikin ɗari, a ba ta abin da bai wuce lita ɗaya da rabi ba ta jijiya cikin 'yan mintoci, nan take a ba ta ruwa mai tsabta lita 20 ko fiye, ta sha da kanta ko a zura mata tiyo. Gishirin da ya shiga jini shi zai janyo ruwan daga tumbi zuwa jijiyoyi. Aikin likita ne, domin in aka ba da gishirin ba a bi shi da ruwa ba an ƙara wa dabba wahala, kuma ba a yi wa wadda tumbinta ya riga ya cika da tsami.

Akwai wasu abubuwa biyu da ke kayar da dabbar cikin gari. Na farko tsakuwar fitsari, ita ma 'yar kiwon turke ce. Dusa tana da sinadarin fosfaras da yawa, in aka rage ciyawa da ruwa sai tsakuwa ta taru a mafitsarar rago ta toshe siririn bakin mazakutarsa. Zai riƙa yunƙuri yana kaɗa wutsiya yana kuka, mai shi ya zaci kashi ne ya ƙi fita, ya yi ta ɗura masa man gyaɗa. Cikin kwana biyu ko uku mafitsara na iya fashewa, ragon ya yi shiru kamar ya samu sauƙi, alhali fitsari ne ke malala a cikinsa. In an zo da wuri, sau da yawa datse wannan siririn baki kaɗai ya isa ya buɗe hanya. Na biyu leda. Akuyar da ke kiwo a bola tana haɗiye ledar da ta ɗauki gishiri ko mai, ledar ba ta narkewa, sai ta cukurkuɗe da igiya da tsumma ta zama dunƙule. Akuyar tana ramewa, cikinta na girma, har a zaci ciki ne da ita. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu wanke kayan ciki a kwata ya ga abin da ake zarowa. Maganinta tiyata ne, amma akuyar da ta riga ta ƙanjame ba ta jure yanka sai an fara gina ta da ruwa da sukari ta jijiya, sannan a ci gaba da kula da ita kwanaki bayan ɗinki.

Abin da ya bambanta Panshekara da sauran garuruwan kiwo shi ne maƙwabtanta. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, daga wannan yanki ake tura wa birni ruwan famfo daga kogin Challawa. Daga baya masana'antu suka zo, musamman na jima da na saƙa. Jimar zamani tana cin gishiri, da farar ƙasa da sinadarin salfayid don tuge gashi, da kuromiyom don dafa fata. Ruwan da ke fita daga Challawa yana gangarawa kogi, na Sharaɗa yana bin rafin Salanta, na Bompai yana bin Getsi ya haɗu da Jakara har madatsar Wasai, kuma masu bincike daga jami'o'inmu sun daɗe suna auna ƙarafa masu guba a waɗannan ruwaye. Da rani, in wuraren sha suka ƙafe, dabba mai ƙishi ba ta zaɓe. Ba kowace dabba da ta kwanta a nan ba ce ruwan masana'anta ya kayar, amma likitan da ke aiki a wannan yanki dole tambayarsa ta farko ta haɗa da inda ta sha ruwa da inda ta yi kiwo. Yawancin irin wannan guba ba ta da makari. Abin da ake yi shi ne a ba da garin gawayi na asibiti ya kama abin da ke hanji, a yi ta zuba ruwa a jijiya don ƙoda ta ci gaba da aiki.

Wasu gubobin kuwa suna da makari, in an gane su a kan lokaci. Mutum yakan ɗebi maganin ƙwarin gona ko ota-fiya-fiya ya wanke akuya don kaska da ƙwarƙwata, jim kaɗan ta fara dalalar da miyau, jiki na karkarwa, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi na sarƙewa. Wanka da sabulu da allurar atirofin, a maimaita ta duk bayan 'yan sa'o'i har miyau ya tsaya, suna dawo da dabbar da aka riga aka fid da rai da ita. Takin yuriya da aka bari a buɗe a gonar rani yana kashe saniya cikin sa'a ɗaya ko biyu, makarinsa kuwa ruwan khal da ruwa mai sanyi ta tiyo. Tsohon batirin mota da aka fasa aka yar, shanu na son lasarsa, dalmar da ke ciki ta makantar da su, su riƙa dafa kai a bango suna cizon haƙora. A kan dalma ya kamata mu riƙa tuna Zamfara. A 2010, kafin a gano gubar dalmar da ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan masu haƙar zinariya, agwagin ƙauyukan ne suka fara mutuwa, ba a kula ba. Dabbobin da ke sha a bakin Challawa ruwa ɗaya suke sha da lambunan da muke cin ganyensu. Asibitin da ke karɓar su yana rubuta abin da ya gani zai iya hango wa mutane masifa kafin ta iso gare su.

Da damina ciwon yakan sauya. Akwai wata tsutsar ciki siririya ja da ke manne a cikin tumaki da awaki tana shan jini. Guda 5,000 suna iya shanye kwatan lita a rana. Tunkiya sai ta riƙa zama a bayan garke, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura da ruwa, in ka ja fatar idonta ƙasa ka ga fari fat maimakon ja. A Afirka ta Kudu an ƙirƙiro wani ɗan kati mai launuka biyar, FAMACHA, wanda makiyayi ke karawa kusa da ido ya gane wadda jininta ya yi ƙasa, ko bai iya karatu ba. In jajayen ƙwayoyin jini suka faɗo daga kashi 30 da wani abu zuwa ƙasa da 12, maganin tsutsa kaɗai ba zai tashe ta ba, sai ƙarin jini. Mutane kan yi mamaki in aka ce ana yi wa tunkiya ƙarin jini, alhali a kan dabba aka fara shi: a 1665 Richard Lower ya ɗebi jinin kare ya sa wa wani kare a Ingila. Lafiyayyen rago mai kilo 50 zai ba da jaka guda, irin wadda ake amfani da ita a asibitin mutane, ba tare da ya ji jiki ba, kuma a karo na farko tumaki da shanu ba kasafai jikinsu ke ƙin jinin ɗan'uwansu ba.

Duk da haka, rabin nasara tana hannun wanda zai kwana da dabbar. Mai tuƙa ba ta kwanciya a gefe. In ta daɗe a haka ba za ta iya gyatsa ba, iska ta kumbura ta, ko abin da ke tumbi ya dawo ya shiga huhu. Sai a tallafe ta a kan ƙirjinta da buhun ƙaiƙayi ta kowane gefe. Saniya kuwa nauyinta na danne naman cinyarta, in ta wuce sa'a 6 a ɓari ɗaya tsokar ta fara mutuwa, ko ciwon ya warke ba za ta tashi ba, don haka dole a sami maza su riƙa juya ta, a kan shimfiɗa mai taushi. Da hunturu ɗan tunkiyar da aka haifa cikin dare sanyi kan kama shi ya kasa tsotso. A goge shi ya bushe, a ɗumama shi, a tatso dakashi a ba shi cikin sa'o'in farko, domin bayan kwana ɗaya hanjinsa ya daina karɓar garkuwar da ke ciki. Abin da ya fi damuna shi ne ɗura. Ana ɗaga kan dabbar da ba ta iya haɗiya, a kama harshe, a tuttula mata jiƙo da kwalba. Da kyakkyawar niyya ake yi, amma ruwan huhu yake tafiya, bayan kwana biyu ciwon huhu ya ƙarasa ta. Matan gida, waɗanda su ne ke ganin akuya ta ƙi cin dusar safe kafin kowa, su ya fi dacewa a fara koya wa waɗannan abubuwa.

Ba na cewa wuƙa kullum kuskure ce. Sa da ya karya cinya, ko rago da mafitsararsa ta riga ta fashe tun jiya, jan jinyarsu azabtarwa ce da ɓarnar kuɗi, kuma likita na gari zai faɗi haka tun a duban farko, kafin mai dabba ya kashe ko sisi. Abin da ba ya halatta shi ne a haɗa biyun. A yi wa dabba allurar nan mai daɗewa a jiki da ake kira LA yau, gobe a ga ba ta tashi ba a yanka a kai kasuwa, alhali wannan magani yana bukatar mako uku zuwa huɗu kafin ya bar nama. Wanda ya ci tsiren bai san ya sha magani ba, kuma ta haka ƙwayoyin cuta ke sabawa da magungunan da mu ma muke dogaro da su. Dabbar da ta sha guba ba a cin namanta ko ta halin yaya. Wadda kuma ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini marar daskarewa na fita ta hanci da dubura, ba a yanka ta, ba a feɗe ta, ba a cire fatarta. Alamar cutar saifa ce, wadda aka tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja a watan Yulin 2023, ƙwayarta na kama mutum, tana kuma zama a ƙasa shekaru da dama. Rigakafinta da na annobar awaki da tumaki duk ana yin su a cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda ke can tun 1924.

Ilimin wannan aiki ba baƙo ba ne a Arewa. Jami'ar Ahmadu Bello tana yaye likitocin dabbobi tun da aka kafa tsangayar a tsakiyar shekarun 1960, tana da asibitin koyarwa a Samarun Zariya, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ita ma tana yaye su. A cikin Kano akwai asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha, kamar na Gwale da na Kundila, da likitoci masu zaman kansu. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo mai zaman kanta. Abin da ya rage shi ne nisa da dare. Rago yakan shiga adaidaita sahu, amma saniyar da ta kwanta a bakin kogi da magariba ba ta da hanyar zuwa cikin birni, balle Zariya, kuma likitan da ya zo gida a kan babur ba zai iya kwana a kowane gida ba.

Abin da yankin Panshekara ke bukata ɗaki ne na kwantar da dabbobi, ba ƙaton gini ba. Rumfa mai siminti da magudana, turaku 'yan kaɗan da aka raba don mai cuta kada ta shafa wa wata, ƙugiyoyi a sama na rataya ruwa, rijiyar burtsatse, sola da za ta riƙe fitila da firij, ƙaramin injin auna jini, madubin duba ƙwayoyin cuta, tiyo da kanula da jakunkunan jini, da majajjawar ɗaga saniya. Sai mutane: likita ɗaya da ke amsa waya da dare, da ma'aikatan jinya da ke karɓa-karɓa, kowace dabba da takardarta da ake rubuta zafin jiki da bugun zuciya da fitsari duk bayan 'yan sa'o'i. A kafa allon farashi a bakin ƙofa, domin tsoron kuɗin da ba a sani ba yana daga cikin abin da ke hana mutane zuwa da wuri.

Wa zai biya? Ƙaramar hukuma tana da sashen noma da kiwo, masu kiwo suna da ƙungiyoyi, kuma matan da ke zubin adashe duk mako za su iya ware wani abu kaɗan a kan kowace akuya, ya zama asusun jinya. Amma ina ganin masu jima su ne ya kamata su fara miƙa hannu. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce ta yi wa ƙasar Hausa suna tun zamanin da ayari ke ratsa Sahara da ita, Turawa na kiran ta fatar Maroko, kuma har yau fatun awaki da tumakin gidajen talakawa ne ke shiga injunan Challawa da Sharaɗa su fita zuwa Italiya da Sifen. Kamfanonin da ke cin moriyar fatar dabba, ruwansu kuma na bi ta inda take sha, suna da haƙƙi biyu a wuyansu. Su haɗu su ba da fili da rumfa da sola, gwamnati ta ba da likita da ma'aikata, jami'a ta turo ɗalibanta na shekarar ƙarshe su yi kwanan jinya, a kuma yarda tun farko cewa duk dabbar da aka kawo da alamar guba za a ɗebi jininta da ruwan da ta sha a aika ɗakin gwaji, a bayyana sakamakon ga mutanen gari.